Gutsuren da Aka Bari a Idona

Litinin, 5 ga Mayu

Gobe za a cire mini yanar idon dama. Na bar wa yaran ofis littafin tarihin da muke gyarawa, na ce kada wanda ya taɓa babi na shida sai na dawo. Rabin rayuwata na yi ina gyaran rubutun mutane a kamfanin ɗab'i, har suna ce mini Jan Biro a bayan idona, yanzu kuma sai na ɗora takarda a kan hanci kafin in bambanta aya da waƙafi. Na hagun ma yanar ta fara cin sa, amma an ce ɗaya bayan ɗaya.

Likitar yarinya ce, da kaɗan ta girmi 'yata Auta. Murya a sanyaye, Mama kaza, Mama kaza. Na ce ban haife ki ba, ki ce Malama. Ta zana mini ido a takarda: ga ƙwayar da ta yi duhu, zaune a cikin wata 'yar jaka siririya kamar ɓawon albasa. Za a farfasa ƙwayar da inji, a zuƙe ta, a sa ta roba a madadinta a cikin jakar. Ta jero abubuwan da kan iya faruwa jefi-jefi. Ban saurara sosai ba, hankalina na kan munin rubutunta.

Malam, maigidana, ya ce in daina karance-karance a waya a kan aikin ido, ina tsorata kaina. Ni da ba na ganin wayar ma.

Laraba, 7 ga Mayu

Da idon hagu nake wannan rubutu, kowane harafi kamar na allon talla.

A farke nake aka yi komai. An rufe mini fuska da koren ƙyalle, fitila a kaina, inji na ƙugi kamar tsohon firji. Likitar da nas suna hirar cunkoson hanya. Can sai hirar ta yanke. Na ji ta ce, "Tsaya." Injin ya yi shiru. Ta nemi wani abu a hankali, nas ta yi sauri, na ji ƙarar buɗe leda. Na ce me ya faru? Ta ce, "Mama, kada ki motsa, zan yi miki bayani in mun gama." Aikin da aka ce ɗan lokaci ne sai da bayana ya sandare.

Daga baya ta ja kujera gefen gadona. Wai jakar ta yage ta baya, wani gutsuren ƙwayar ya sulale ya faɗa can cikin idon, cikin ruwa mai kauri da ke cike da shi. Ta share gaban, ta ɗinke, ba ta sa sabuwar ƙwayar ba. Za ta tura ni wurin likitan bayan ido a babban asibiti, shi zai ciro.

Na ce kin ga faɗuwarsa? Ta ce e. Kayan aiki na hannunki? E. Kika rufe ido kika bar shi? Ta ce, "Ban bi shi ba, Mama. Ba a bi."

Ba a bi! Mai gyaran famfo ya saki sifana cikin tankin ruwa, ya mayar da murfi, ya ce a kira yayansa. Ni a wurin aikina in ga kuskure a shafi in rufe littafin in ce ba a bi?

Malam har da yi mata godiya. Ban yi masa magana ba har gida.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ciwo kamar ana buga mini ƙusa daga gira zuwa ƙeya. Na yi amai. Mun koma, ta auna, ta ce idon ya hau, gutsuren ne ke tayar masa da hankali. An ƙaro magungunan ɗigawa da wasu ƙwayoyi masu sa yatsu tsiyaye kamar tururuwa na bi. Lemon kwalba ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi mini.

Da yamma ta kira da kanta. Na miƙa wa Malam wayar.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ina ganin sa. Duk duniya hazo ce a idon nan tunda babu ƙwaya, amma in na juya kai sai wani duhu ya taso daga ƙasa, ya yi lilo, ya koma ya kwanta. In na kwanta rigingine sai ya zo tsakiya ya zauna mini. Na raɗa masa suna Baƙo. Ba sallama, ba ranar tafiya.

'Yan dubiya sun fara. Yayar Malam ta zo da zuma wai a ɗiga mini. Na ce Yaya, idon ya riga ya samu abin da ba nasa ba, ya isa. Ta ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Kowa ƙaddara, ƙaddara. Na yarda da ƙaddara tun kafin a haifi rabinsu, amma ba ƙaddara ce ta riƙe injin ba, 'yar mutum ce mai takardar shaida a bango.

Asabar, 10 ga Mayu

Babban asibiti. Dogon zaure, kujerun roba a manne da juna, kowa da bandeji a ido ɗaya, muna kallon juna da ragowar. Likitan bayan idon dogo ne, furfura a gemu, magana kamar ana sayar masa da ita. Ya shafa mini wani abu mai sanyi a fatar ido, ya ɗora na'ura, ya nuna wa Malam a allo. Malam ya ce, "Kai, ga shi nan kuwa," kamar an nuna masa jika.

Ya ce ba zai shiga yau ba. Gaban idon ya kumbura ya yi hazo, ba ya ganin ciki sosai, sai ya washe kuma hawan ya sauka. Laraba, in an yi sa'a. Na ce wato kai ma barin sa za ka yi. Ya ce, "Duba sama. Duba ƙasa."

Ya haska fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, kamar da kansa yake, "Ta bar mini wurin zama." Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Na ce zan kai ƙarar yarinyar. Ya ce wannan ba ofishinsa ba ne.

Tambaya ɗaya na yi masa da gaske: zan sake karatu da idon nan? Ya ce, "Ina sa rai. Ba na alkawari." Na fi son wannan da Mama Mama.

Lahadi, 11 ga Mayu

Malam ya ce zai karanta mini. Mutumin da ya yi ritaya daga hukumar ruwa, bai taɓa karanta abin da ya wuce rahoton bututu ba. Ya ɗauko littafin da na bari a rabi, ya kama gudu, ba aya ba waƙafi, tambaya da amsa duk murya ɗaya. Inda matar ke kuka da inda ake cinikin doki duk ɗaya ne a bakinsa. Na ce Malam, numfasa, akwai aya a nan. Ya ce, "Ke da ba ki gani, ina kika san akwai aya?" Na ce ina jin ta.

Ya ci gaba. Na juya fuska bango don kada ya ga abin da idon hagun ke yi.

Idan haka za a ƙare fa? In zauna ana karanta mini kamar ana karanta takardar kotu. Ni ban iya komai ba sai karatu. Ban iya zaman tsakar gida ba, ban iya hirar wa ya auri wa ba.

Shi ke ɗiga mini maganin. Rabi a kumatu yake ƙarewa, amma bai taɓa tsallake lokaci ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na zaunar da Auta ta rubuta mini ƙorafi zuwa ga shugaban asibitin su likitar. Na faɗa, tana bugawa a kwamfuta. Ya yi kyau, kowace jimla da haƙoranta. Da muka zo inda na ce likitar ta ga ɓarna da idonta ta juya baya, sai yarinyar nan ta ɗaga hannu daga madannai.

"Umma, ba ke ce kike ce wa yaran ofishinku in sun ci karo da lissafi ko taswirar da ta fi ƙarfinsu kada su kuskura su gyara, su sa alamar tambaya a gefe su mayar wa mai littafin ba? Har kika ce gyaran wanda bai sani ba ya fi kuskuren muni."

Na ce littafi ba ya amai. Na ce ta adana takardar ta fita mini daga ɗaki.

Na yi renon 'ya mai kunne, ga sakamakon.

Talata, 13 ga Mayu

An kwantar da ni, gobe da safe aiki. Ɗakin mata, gado shida, fanka ɗaya mai ƙara. Maƙwabciyata mai shagon yadi ce, mace mai fara'a, kwance take rub da ciki, fuska cikin matashi, haka aka ce ta zauna. Daga cikin matashin take hira, ba ta gajiya.

Da ta ji labarina sai ta kama salati. "Wayyo 'yar'uwa, ya bar miki shi a ciki? Ai ni ma nawa ya faɗa. Amma likitana jarumi ne, ya ce wallahi ba zai bar ni da shi ba. Ya yi ta lalube, ya yi ta lalube, har ya kamo shi ya nuna mini a kan auduga." Na ce to madalla, ga likita. Na ji daɗi har raina, na samu shaida.

Na ce to me ya kawo ki nan? Ta ce ai wannan wani ciwo ne daban. Bayan 'yan kwanaki ta fara ganin walƙiya, sai wani baƙin labule ya sauko daga gefe ya rufe idon. Wai shimfiɗar bayan idon ce ta yage ta ɗago. Wannan aiki na uku ke nan, har mai aka zuba mata a ciki. Yanzu hannu kawai take gani in an kaɗa. "Ba na bambanta shuɗi da kore, ni da ke sayar da yadi," in ji ta, ta yi dariya. "Amma shi kam ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Taki ce ba ta kyauta ba."

Na ja mayafi na rufe kaina. Ta ce ko na yi barci. Na ce e.

Laraba, 14 ga Mayu

Kafin a shiga da ni.

Dogon likitan ya zo zagaye. Na ce ina da tambaya, kuma ba na son duba sama duba ƙasa. In mutum ya bi gutsuren ta gaba da kayan cire yana, me ke faruwa? Ya waiwaya gadon maƙwabciyata, ya rage murya. Ya ce ruwan nan mai kauri manne yake da shimfiɗar da ke gani. In ka ja shi, ita kake ja. Shi ta gefe yake shiga da ƙananan ƙofofi, ya yanke ruwan a hankali tukuna, sannan ya ɗauki gutsuren. Na ce wato matar nan… Ya ce, "Ban ce komai a kan kowa ba. Ba na wurin."

Wannan bai wanke kowa ba. Wa ya yaga jakar tun farko?

Juma'a, 16 ga Mayu

Baƙo ya tafi. An sa sabuwar ƙwayar, an ɗora ta a kan bakin jakar na gaba, wanda bai yage ba. Wurin zaman da ya faɗa ke nan. Akwai kumfar iska a idon, ina ganin layinta yana rawa kamar ruwa a kwalba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Likitar farko ta zo gidana. Ba farar riga, da atamfa da jakar hannu, sai ta ƙara zama yarinya. Malam ne ya ba ta kwatance, munafukin. Ya shigo da ita falo ya tuna yana da aiki a waje.

Ta zauna a bakin kujera. Ta ce ta yi baƙin ciki da abin ya faru a hannunta, ta yi ta juya aikin a ranta tana neman inda ta danna fiye da kima, ba ta da tabbas har yanzu. Na ce ni ina da tabbas, a idona ne. Ta ce haka ne.

Na zaci za ta yi kuka in samu in huce a kanta. Sai ta ce, "Amma Mama, da za a maimaita, zan sake barin sa. Na so in bi shi. Ina kallon sa yana nitsewa, hannuna har ya tafi. Na san za ki tsane ni, na san zan fito in faɗa miki da bakina. Da na kamo shi da kin gode mini a ranar."

Na ce kin zo ban haƙuri ne ko kin zo karɓar lambar yabo? Na ce ban haife ki ba, na faɗa miki. Ta ce yi haƙuri, Malama. Ta tashi. Lemon da Auta ta kawo mata ko buɗewa ba ta yi ba.

Hannun nata na lura da shi. Bai yi rawa ba ko kaɗan. Haushi ya ƙara kama ni.

Alhamis, 29 ga Mayu

Kumfar ta tafi, hazo ya ragu, ina ganin fuskoki. Malam ya tsufa ban sani ba, kuma labulen falon nan ashe ƙazanta ce da shi haka.

Amma rubutu a karkace yake. Layi ya taho daidai, ya zo tsakiya ya lanƙwashe kamar an jiƙa takardar. Kalmar da nake kallo ita ce ke ɓacewa, na gefenta suna nan. Dogon ya ce tsakiyar shimfiɗar ce ta kumbura, yakan faru bayan irin wannan wahala, a ci gaba da ɗigawa, a jira. Jira, jira. Na ce in bai sauka ba fa? Ya ce akwai allura. Na ce in ita ma ba ta yi ba? Ya ce, "Duba hagu."

Litinin, 2 ga Yuni

An ba wani babi na shida. Manaja ya kira, murya kamar mai ta'aziyya, wai madaba'a ba ta jira. Na ce Allah ya sa ya san bambancin ƙarni da shekara.

Na shiga ɗakin littattafaina na rufe ƙofa. Ban ɗauki ko ɗaya ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Ba komai.

Asabar, 7 ga Yuni

Na ce da Auta ta buɗe ƙorafin nan ta karanta mini. Ta karanta. Jimlar nan mai cewa likitar ta juya baya, ita ce ta tsaya mini a wuya. Ba don tausayi ba. Ba daidai ba ce kawai, kuma ni ba na sa hannu a jimlar da ba daidai ba. Na ce ta cire. Da aka cire ta sai sauran ya zama kamar kujera mai ƙafa uku. Na ce a bar shi sai na samu wata.

Ta ce, "To Umma," da wata murya. Wata rana sai na mari yarinyar nan, duk da digirinta.

Talata, 17 ga Yuni

Ranar komawa asibiti. Na haɗu da mai shagon yadi a zaure, ɗiyarta na riƙe da hannunta. Ta gane ni da murya. Babu canji a nata. Ta ce ta koya wa yatsunta, yanzu da taɓi take sanin yadi mai kyau, masu kawo mata kaya ba su isa su cuce ta ba. Ta tambayi nawa. Na ce da sauƙi. Ta ce, "Kin yi sa'a, duk da sakacin yarinyar nan." Me zan ce mata? Gara in bar mata likitanta jarumi, shi kaɗai ya rage mata a cikin wannan lamari.

A mota Malam ya ce na yi shiru da yawa. Na ce ya kalli hanya.

An auna. Kumburin ya fara sauka.

Alhamis, 26 ga Yuni

Da safe Malam na karanta mini, yana gudunsa, sai na leƙa ta kafaɗarsa da sabon tabarau. Na ce ka tsallake layi. Ya ce bai tsallake ba. Na sa yatsa na karanta masa layin. Ya bi yatsan, ya dube ni, ya ajiye littafin a cinyata ya fita tsakar gida. Na ji yana fyace hanci, wai mura.

Shafi biyu na yi idon ya gaji. Har yanzu akwai ɗan lanƙwasa a tsakiya, Dogon ya ce wataƙila ba za ta tafi duka ba. Ƙananan haruffan ƙasan shafi sun fi ƙarfina. Ba idon da aka yi mini alkawari ba ne. Ba zan yi kamar shi ne ba.

Na sami kuskuren ɗab'i a shafi na biyun. Na nemi jan birona.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na hagun ya matsa, tun da na daman ya washe sai na ga ashe ta cikin ruwan shayi nake kallon duniya da shi. Dogon ya ce lokaci ya yi, kuma shi ba ya cire yana sai ta ɓaci, in zaɓi wanda nake so. Ya ba ni sunaye. Manya ne, masu furfura.

Yau na je ƙaramin asibitin. Don ya fi kusa ne, kuma Malam ba ya son tuƙi cikin cunkoso, kuma suna da duk bayanaina, ba sai na sake ba wani labari daga farko ba. Dalilan ke nan.

Da likitar ta gan ni ta miƙe tsaye. Na ce zauna, ba faɗa na zo ba, yau dai. Ta auna idon, ta sake jero abubuwan da kan iya faruwa, wannan karon na saurara har ƙarshe, na yi tambayoyi, na sa ta maimaita biyu. Ta ce in na fi son wani ya yi, za ta haɗa ni da shi da kanta, ba za ta ji komai ba. Na ce na tambaye ki?

Na ce to in wannan ma ya faɗa fa? Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ba zan bi shi ba."

Na ce a sa mini Talata.

Auta ta tambayi ƙorafin, wai ko ta goge. Na ce a bar shi inda yake, ban gama gyara shi ba.

Rubutun yarinyar nan har yanzu abin kunya ne, na faɗa mata. Ta yi dariya, ta ce to Mama, ta raka ni har bakin ƙofa tana Mama a kula da matakala, Mama sai Talata. Sai da muka hau titi na tuna ban gyara mata ba.